KAFIN KA KUNNA TSOHON GARMAHON GIDANKU, FARA DUBA BORIS ƊINSA

Yau za mu ɗan matsa daga kan waya zuwa kan wata na'ura da ta girmi yawancinmu, wato garmaho mai amfani da lantarki, irin wanda ake ɗora wa baƙin faifai. Amma kada ka ajiye wayarka, domin da ita za mu yi rabin aikin.

Gidaje da yawa har yanzu akwai wannan na'ura a saman kabad ko a ɗakin shirgi, da kwalin faya-fayai a gefenta: na Alhaji Mamman Shata, na Ɗan Maraya Jos, na Indiya, na su Fela. Wasu kuma a kasuwar kayan gwanjo suke tsintar ta. Duk wanda ta faɗo hannunsa abu ɗaya yake fara yi, ya kakkaɓe ƙura, ya jona wuta, ya ɗora faifai. Idan sauti bai yi daɗi ba sai ya ce allura ce, ya shiga neman sabuwa a intanet.

Ra'ayina shi ne wannan tsarin a juye yake. Garmahon da ya shekara 20 ko 30 a ajiye bai kamata a jona shi da wuta ba sai an buɗe boris ɗin tsakiyarsa, an wanke, an sa masa man da ya dace. Aikin bai fi na awa ɗaya ba, kuɗinsa bai kai na datar wata guda ba, kuma shi ne kaɗai ɓangaren da in ka bari ya lalace, da wuya ka sami na canji a kasuwanninmu. Allura ana sake ta, bel ana sake shi. Sandar boris da ta karce kuwa, sai dai ka nemo wani mataccen garmaho irin naka ka ciro tasa.

MENE NE BORIS ƊIN GARMAHO?

Ɗaga farantin da ake ɗora faifai a kai. Wannan ɗan ƙarfen da ke leƙowa ta hujin faifai, kan wata doguwar sanda ce da ta nutse cikin wani bututu, mu kira shi rijiya. A bangon rijiyar akwai bushin, galibi na tagulla, guda ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, su ne ke hana sandar karkata. A can gindin rijiyar kuma akwai ɗan ƙwallon ƙarfe ko wani ɗan matashi na roba mai tauri ko na ƙarfe, wanda ƙarshen sandar ke zaune a kansa. Nauyin farantin gaba ɗaya, daga kilo ɗaya har zuwa huɗu ko fiye a wasu manyan injina, a kan wurin da bai kai kan ashana ba yake sauka. Abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe a wurin, ɗan siririn mai ne kawai.

Yanzu yi wannan lissafin. Babban faifai yana juyi 33 da sulusi a minti ɗaya, ka ga a awa ɗaya juyi 2,000 ke nan cif. Kamfanin Technics na Japan ya rubuta a littafin SL-1200MK2 cewa a ɗiga mai ɗigo 2 ko 3 bayan kowace awa 2,000 ta aiki. Juyi miliyan huɗu ke nan a kan ɗigo uku. Ashe boris ba shi da ci, amma ɗan abin da yake buƙata dole ya same shi. Garmahon da aka rufe tun zamanin Shagari, man cikinsa ko dai ya bushe, ko ya koma kamar ƙaro, ga ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta shiga ta cakuɗe da shi. Idan ka kunna shi a haka, kamar ka sa samfefa ne tsakanin sandar da bushin.

ME YA SA ƊAN WANNAN ƘARFEN YA FI ALLURA MUHIMMANCI?

Allurar garmaho ba ta san waƙa ba, motsi kawai ta sani. Tana bin wani layi da faɗinsa bai wuce na silin gashi ba, tana mai da kowace girgiza ta zama lantarki. Girgizar kalangu da aka zana a jikin faifan da girgizar busasshen boris da ta biyo ta cikin faranti, duk ɗaya ne a wurinta.

Sannan akwai wani abin da ya ƙara dagula lamarin. Lokacin da ake yanka faifai a kamfani, ana rage ƙarfin sautin ƙasa, wato bes, don layukan su yi siriri waƙa ta samu wuri. Idan za a saurara sai amfilifaya ta mayar da abin da aka rage. Wannan ƙa'ida ita ake kira RIAA, tun 1954 aka tsayar da ita a Amurka, kuma a can ƙasan sauti tana ninka ƙarfin siginar kusan sau goma. Gurnanin boris a daidai nan yake zaune. Abin da kunnenka ba zai ji ba idan ka tsaya kusa da injin, amfilifaya za ta ɗauke shi ta hura shi cikin sifika. Shi ya sa in ka sayi allura mai tsada ka ɗora a kan mataccen boris, gurnanin ne zai ƙara fitowa tar.

Matsala ta biyu ita ce gudu. Boris mai danƙo yana riƙe faranti a wani gefen ya sake shi a wani gefen, sai ka ji muryar mawaƙi tana rangaji, tana hawa tana sauka kamar kaset ɗin da rana ta buga.

To ga inda abin ya shafe ka kai mai waya. Yawancin masu tono garmaho a yau so suke su kwashe waƙoƙin su zuba a waya ko kwamfuta, su tura wa dangi a WhatsApp. Duk abin da ka naɗa a ranar, da shi za a zauna. Manhaja irin Audacity za ta iya yanke maka wani ɓangare na gurnani, amma in ka matsa mata sai ta haɗa da nauyin ganga ta yanke, rangajin murya kuma gyaransa ba ƙaramin aiki ba ne. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, babu wanda zai sake shiga situdiyo ya maimaita maka. Idan faifan da ke hannunka mai tsabta ne, ya cancanci a kwashe shi a kan injin da ke juyi lafiya.

"AI DUK SUNA YOUTUBE"

Na san wani zai faɗi haka. Akwai da yawa a can, gaskiya ne. Amma saurari ingancinsu da kyau: wasu daga kaset aka kwaso, kaset ɗin ma kwafin kwafi ne, an matse fayil ɗin an sake matsewa har kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani. Faifan asali da ba a wulaƙanta ba ya fi su nesa ba kusa ba. Kuma kana da tabbacin cewa kowace waƙa da ke cikin kwalin gidanku an taɓa ɗora ta a intanet? Duba ka gani.

Wani kuma zai ce, tunda yana juyawa a bar shi mana, kada garin neman gira a rasa ido. Wannan maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin garmaho da yawa hannun masu gyara ne ya kashe su. Sai dai juyawa ba ita ce shaidar lafiya ba. Injin zai iya jan faranti ko da rijiyar ta bushe ƙaƙas, kamar yadda babur zai iya tafiya ba baƙin mai na ɗan lokaci. Maganin mugun gyara shi ne a san abin da za a taɓa da abin da za a bari, kuma shi za mu bi yanzu.

GWAJI HUƊU DA WAYARKA

1. Gwajin gudu. Manna ɗan farin tef a bakin faranti, ka buɗe agogon ƙirga lokaci na wayarka. A gudun 33, juyi 100 daidai yake da minti 3 cif. Akwai kuma manhajoji a Play Store da App Store, rubuta RPM turntable za ka gan su, ana ɗora wayar a kan faranti su auna gudu da rangaji. Ba su kai na'urar ƙwararru ba, kuma nauyin wayar kansa yana ɗan taɓa sakamakon, amma sun isa ka kwatanta kafin gyara da bayan gyara. Ɗauki hoton sakamakon ka ajiye. Idan tun farko ka ji farantin yana da nauyin juyawa a hannu, tsallake wannan gwajin sai bayan wanki.

2. Gwajin hannu. Zare filogi daga soket. Cire bel in mai bel ne, in mai tayar roba ne ka tabbata tayar ba ta taɓa faranti. Juya farantin da yatsa ka sake shi. Lafiyayyen boris zai yi ta tafiya shiru, ya rage gudu a hankali har ya tsaya. In ya tsaya farat ɗaya, ko kana jin ƙus-ƙus, akwai aiki.

3. Gwajin kunne. Yadda bakanike ke sauraren inji: ɗora bakin sukurdireba a jikin rijiyar ta ƙasa, ka kara marikin a kunnenka, wani ya juya maka faranti. Wuta a cire fa. Kusan shiru ya kamata ka ji.

4. Gwajin girgiɗi. Sa yatsu a gefe biyu na faranti ka ɗan danna nan ka danna can, a hankali. In kana jin ƙwas-ƙwas, bushin ya ci.

Sai ka koyi bambance ƙara, don kada ka ɗora wa boris laifin da ba nasa ba. Ƙugin da ke nan daram ko allura na sama, wannan na wuta ne, duba wayar at. Gurnanin da ba ya fitowa sai allura ta sauka, daga boris ne ko inji ko tayar roba. Bugun da ke dawowa sau ɗaya a kowane juyi, wato duk daƙiƙa 1.8 a gudun 33, boris ne ko faifan ne ya lanƙwashe, canza faifai ka gani. Wanda ya fi haka sauri, yawanci tayar roba ce ta yi kanta.

Ga wani tarko da ke kama masu sayen gwanjo. Wutarmu a Najeriya da Nijar mai 50Hz ce, ta Amurka 60Hz. Tsofaffin garmaho da yawa da bugun wutar suke daidaita gudunsu. Wanda aka ƙera don Amurka, ko ka sa masa taransifoma ta sauke wuta zuwa 110, juyi 28 zai riƙa yi a maimakon 33, muryar Barmani Choge ta koma ta namiji. Ko tulun mai ka juye masa ba zai gyaru ba, sai an canza masa fuli. Haka idan kana kan janareta gudun zai riƙa yawo. Karanta farantin bayanin da ke bayan injin tukuna.

SAN IRIN NAKA KAFIN KA KWANCE

Mai bel, kamar Thorens TD 160 da Rega Planar da yawancin na Japan irin su Pioneer: shi ne mafi sauƙi. Sandar takan zaro ta sama, wasu kuma sai an sassauta wani ɗan sukuru a gefen rijiya.

Mai tayar roba, kamar Garrard 301 na Ingila da ya fito a 1954, da Lenco L75 na Suwizalan. Thorens TD 124 na 1957 shi ya haɗa bel da taya. Waɗannan manya ne, farantinsu da nauyi, rijiyarsu tana da murfi a ƙasa. In irin wannan ne a gidanku, ka san dukiya ce kake riƙe da ita, masu tara kayan sauti a Turai da Japan nemansu suke ido rufe.

Wanda injin ke juya faranti kai tsaye, kamar Technics SL-1200 da ya fara fitowa a 1972. A MK2 da 'yan bayansa mayen ƙarfen injin a jikin faranti yake. Kada ka kunna wuta faranti na cire, kuma kada ka ajiye farantin inda zai kwashi ɓarɓashin ƙarfe. Shi ba sai ka kwance komai ba in ba ya ƙara: ɗaga faranti, goge gindin sanda, ɗiga ɗigo 2 zuwa 3, shi ke nan.

Mai sauke faifai da kansa, kamar BSR da ƙananan Garrard da ke cikin manyan akwatunan rediyo na falo. Wannan shi ya fi yawa a gidajenmu. A nan sandar a tsaye take, farantin ne ke juyawa a kanta, yana zaune a kan wani zobe mai 'ya'yan boris a tsakanin washa biyu. Akwai kilif a tsakiya da ke riƙe farantin. Tsohon giris ɗinsu yakan daskare har farantin ya ƙi fita. Kada ka sa ƙarfi. Ɗumama tsakiyar da na'urar busar da gashi, ka ɗiga ɗan mai, ka riƙa murzawa a hankali har ya saki.

YADDA AKE AIKIN

Tanadi: sifirit na kemis, ko aisofurofil da masu gyaran waya ke wanke bod da shi in ka samu, shi ya fi, ƙyallen goge tabarau, tsinken tsire mai tsabta, sirinji, faranti ko tire na zuba ƙananan kaya, da mai. Ka zaɓi ɗakin da ba iska, ka kashe fanka. In ana tsakiyar hazo, rufe taga.

1. Zare filogi. Ɗaure hannun allura a mazauninsa, ka rufe allurar da murfinta. In tsohon akwatin rediyo ne, kada ka kai hannu ɓangaren amfilifaya, yana iya riƙe wuta ko bayan an cire shi.

2. Ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki kafin ka cire komai. Jerin washa da kilif yana da saurin rikicewa, hoton ne zai cece ka.

3. Cire tabarmar roba, bel da faranti. Zaro sandar a miƙe, kana ɗan murza ta. Da hannu kawai. Filaya ba ta da aiki a nan, tabo ɗaya ta yi wa sandar an gama.

4. Nemi ƙwallon. Wani lokaci yana manne a ƙarshen sanda, wani lokaci yana can gindin rijiya, wasu injinan kuma ba su da shi sam, ƙarshen sandar ne aka zagaye. Yi aikin a kan tire, don in ya faɗi ƙasa ya gangara ƙarƙashin gado, ranar ta tafi.

5. Naɗa ƙyallen a tsinke, ka jiƙa da sifirit, ka goge cikin rijiya. Canza wuri a ƙyallen ka sake, har ya fito fari. Auduga tana barin zare, in da ita ka yi to ka haska fitilar waya ka tabbata ba abin da ya maƙale. Goge sanda da ƙwallo su ma. Bar su su bushe sarai, domin sifirit na kemis yana da ɗan ruwa a ciki.

6. Yanzu bincike. Buɗe kyamara ka zuƙo hoton. Jikin sanda ya kamata ya yi sheƙi kamar madubi. Ƙwallon da ya yi fili a gefe ɗaya ko ya yi tsatsa, a canza shi da mai girmansa daidai, ka kai wa mai awo ya auna, ban da kintace. Ɗan matashin ƙasa in ya yi rami mai zurfi a canza, a wasu injinan ana iya juya shi a yi amfani da ɗaya fuskar.

7. Sa mai. Shafa siriri a jikin sanda, ɗigo ɗaya a kan ƙwallo, 'yan ɗigo a rijiya gwargwadon abin da littafin injin ya ce. In bushin ɗin ya bushe sosai, shafa masa mai ka bar shi ya sha na wasu awanni, ka ƙara.

8. Mayar da sandar ka ƙyale ta. Iska takan tare a ƙasa, sai sandar ta tsaya a sama kamar ta ƙi shiga. Alama ce mai kyau, tana nuna bushin bai ci ba. Za ta sauka da kanta, wata a minti biyar, wata sai ta kwana. Kada ka danna, kada ka buga. Sannu ba ta hana zuwa.

9. Goge duk man da ya fito. Ɗigo ɗaya ya taɓa bel ko tayar roba ko cikin bakin faranti, santsi zai sa gudu ya lalace. Wanke hannu kafin ka taɓa su.

10. Daidaita zaman injin da manhajar awon daidaito ta waya, don faranti da ya karkata gefe ɗaya na bushin yake ci. Kunna shi ya yi ta juyi minti 30 ba faifai, sannan ka maimaita gwaje-gwajen farko ka kwatanta da hoton da ka ajiye.

MAGANAR MAI, INDA AKA FI YIN ƁARNA

Bushin ɗin tagulla na yawancin waɗannan injina ba dunƙulallen ƙarfe ba ne. Garin tagulla ne aka matse aka gasa, yana da ƙananan ƙofofi kamar soso, yana shan mai ya riƙe, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Kamfanin motoci na Chrysler ne ya fito da irinsa a wajajen 1930 da sunan Oilite. Idan ka gane wannan, za ka gane dalilin da ya sa wasu abubuwa haramun ne a rijiyar garmaho.

Man gyaɗa, man ja, man zaitun, man kwakwa: duk man girki yana daskarewa ya zama danƙo idan ya daɗe yana shan iska, a zafinmu kuma abin ya fi sauri. Zai yi maka daɗi wata ɗaya, bayan nan ya toshe ƙofofin tagullar.

WD-40: yana da amfaninsa wajen kwance noti mai tsatsa da korar ruwa, amma mafi yawansa tashi yake, ya wanke ɗan man da ya rage ya bar wurin kusan a bushe.

Baƙin man da aka juye daga inji: cike yake da ɓarɓashin ƙarfe. Ko kusa.

Giris: yana toshe bushin mai shan mai, yana kuma riƙe faranti. Wurinsa biyu ne kawai, boris ɗin da aka ƙera don giris tun asali, kamar Garrard 301 na farko-farko, da zoben 'ya'yan boris na irin su BSR, shi ma ɗan kaɗan mai laushi.

Man giya: wasu irinsa suna da sinadarin da ke cin tagulla. Rega suna amfani da man giya mai kauri a nasu boris ɗin, don haka aka ƙera shi. Kada ka ɗauki dokar Rega ka kai wa Thorens.

To me za a sa? Na farko, abin da kamfanin ya ce. Rubuta sunan injinka da lambarsa a Google ka nemi littafinsa, na yawancin sanannun injina suna nan kyauta. In ba ka samu ba, man keken ɗinki mai kyau, fari tas, sabo a kwalbarsa, ya wadatar ga boris ɗin da bai ci ba. In ya ɗan yi sako-sako, mai ɗan kauri ya fi, kamar man kwamfuresa mai lamba 46 ko 68. Ka lura mai mai kauri zai sa faranti ya tsaya da wuri a gwajin hannu, wannan ba aibu ba ne, shiru muke nema ba tsere ba.

Su kuma 'yan kwalaben mai na musamman da ake tallatawa a intanet da daloli, ni ban ga dalilin da zai sa ka wahalar da aljihunka ba. Sandar da ke juyi 33 a minti ba injin jirgi ba ce. Rijiya mai tsabta da man keke ta fi rijiya mai datti da man dala hamsin. Haka masu cewa ka canza ƙwallon ƙarfe da na tangaran don ya fi tauri, ka yi tunani: in abubuwa biyu suna gugar juna, mai laushin ne ke ci. Gara ƙwallon da ake samu da araha ya cinye, da ƙarshen sandar da ba a samu.

INDA ZA KA TSAYA

Kada ka sa samfefa a jikin sanda ko da ka ga tabo. Tazarar da ke tsakaninta da bushin ba ta kai kaurin gashi ba, abin da ka kankare ba ya dawowa. Ɗan dafin tsohon mai, man goge ƙarfe da ƙyalle mai laushi sun isa. In sandar ta lanƙwashe, ko ta yi zane mai zurfi da farce ke kamawa, ko girgiɗin bai ragu ba bayan mai, aikin ya wuce na gida. Canza bushin sai mai injin tona ƙarfe da ya san awo. In za ka kai wa mai gyaran rediyo, ka tafi da manka, ka tsaya a yi a gabanka, ka gaya masa da bakinka ba ka son giris ba ka son feshi. Ba raini ba ne, da yawa daga matasan masu gyara ba su taɓa buɗe irinsa ba.

In za ka ɗauke shi a Keke Napep ko a bayan babur, cire farantin ka riƙe daban. Kowane rami a hanya guduma ce, faranti mai kilo uku yana dukan ɗan ƙwallon nan. Kuma kada ka kwantar da injin a gefe, man zai zube.

Bayan haka, kulawar ba ta da yawa. Rufe shi da murfi ko zane duk lokacin da ba ya aiki. Kada ka ajiye shi jikin taga inda rana ke bugu. Ko ba ka sauraron komai, kunna shi ya yi juyi na ɗan lokaci sau ɗaya a wata. Duk shekara idan hunturu ya wuce, ɗaga faranti ka leƙa, in man ya yi baƙi ka wanke ka sake. Rubuta ranar a kalandar wayarka ta tuna maka.

Sai boris ya yi shiru sannan maganar sabon bel, sannan allura, sannan kwashe waƙa zuwa waya. Faifan da ka fi ji da shi kuma kada ya zama na gwaji, fara da wanda ko ya karce ba za ka yi kuka ba.

Duk mai garmaho a gida ya ɗauki hoton gabansa da na farantin bayanin da ke bayansa ya ajiye mana a wajen sharhi, za mu duba mu gaya masa irin boris ɗinsa da man da ya dace da shi. Ku kuma tura wa wanda kuka san yana da kwalin faya-fayai a ɗakin mahaifinsa. A darasi na gaba in sha Allahu za mu kawo yadda ake haɗa garmaho da kwamfuta ko waya a naɗi sauti mai tsabta. Allah Ya sa mu dace, Ya jiƙan magabatanmu.